Ranar da Inna ta ɓace a babban kanti

Akwai wani ma'aikacin jinya da ya daɗe a ƙasar waje, har abokansa suke ce masa Ɗan Gari. Harshen mutanen can ya zauna a bakinsa, shi ma yana ji da hakan.

Mahaifiyarsa ta zo wurinsa don a yi mata aikin ido. Ido ɗaya a rufe da bandeji, ɗayan kuma dishi-dishi yake gani. Da suka fito daga asibiti sai ya biya da ita babban kanti, yana tura keken kaya yana duba agogo, domin ana jiransa a wurin aiki.

"Inna, ɗaga ƙafa mana."

"Ƙafar ta tsufa, ɗan nan."

Wata mata mai goyo ta ji Hausa, ta juyo da sauri kamar wadda ta tsinci 'yan gidansu. Gwangwani ne a hannunta.

"Ɗan'uwa, don Allah duba min, akwai alade a cikin wannan? Ban daɗe da zuwa ba, ban iya karatunsu ba."

Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce da ita cikin harshen garin ta tambayi ma'aikata, ya wuce.

Inna ta ce, "Ba da kai ake magana ba?"

"Inna, irin waɗannan in ka sakar musu fuska, gobe a ƙofar gidanka za su kwana."

Nan wayarsa ta yi ƙara, shugabar sashensu ce. Ya koma gefe yana ba ta haƙuri. Ko da ya juyo, ga keke, babu Inna.

Ya leƙa layin sabulai, babu. Ya zaga wajen firji, babu. Ya fara gudu yana ture mutane, yana "Inna! Inna!" Ya roƙi mai gadi aka yi cigiya a lasifika, sai kuma ya tuna ko kalma ɗaya Inna ba ta ji a harshen garin. Ba ta da waya. Ba ta san sunan unguwarsu ba.

Da ya hango ƙofar da ke buɗe kanta, da babban titin da ke bayanta, sai ya nufi wurin.

Ya fita a guje. Can a tashar bas ya hange ta zaune a kan benci, takalmi ƙafa ɗaya. Matar nan mai goyo tana durƙushe a gabanta tana ba ta ruwa.

Ashe wani mutum Inna ta bi, mai riga irin tasa, har ta sa ƙafa a titi. Matar ta hango ta daga layin biya, ta bar kayanta ta fito, ta fizgo ta mota na daf da ita.

Inna ta ce, "Na yi ta kira, kowa sai kallona yake. Ita kaɗai ta amsa."

Ɗan Gari ya tsuguna. Da ƙyar ya ce, "Baiwar Allah, ki yafe min."

"Ba komai. Ni ma ina da uwa a gida. Ka dai riƙe hannunta."

Bas ta tsaya, matar ta gyara goyonta ta shige. Sai da motar ta yi nisa ya tuna ko sunanta bai tambaya ba. Har yau in ya shiga kantin sai ya bi layi-layi yana duba fuskoki, amma Allah bai sake haɗa su ba.

Darasi: Daɗewa a gari ba ta mayar da baƙo ɗan gida. Kada ka raina wanda ya zo bayanka, ba ka san ranar da shi kaɗai zai amsa kiranka ba. Ku tura wa 'yan'uwa da ke zaune a waje.