Sunan Jaririyar Barira

Ku matso ku ji, amma kowa ya kama bakinsa sai na kai aya.

A wani ƙauye na bakin kogi akwai wata mata, Barira. Wata cuta ta kama ta, irin wadda ko likita sai ya buɗe littafi: garkuwar jikinta ce ta juya tana cin jijiyar idonta. Na hagu ya mutu murus. Ga ciki wata bakwai, ga miji direba yana can Ikko. Addu'arta kullum ɗaya ce, Allah ya nuna mata fuskar abin da za ta haifa.

Masu cutar ba su da yawa, sai suka haɗu ta waya, likitoci na ba su darasi, amma da Turanci. Lantana, wata malamar makaranta a Azare da cutar ta kwantar, ita ke juya darasin zuwa Hausa ta turo da muryarta. Ko sau ɗaya ba su taɓa haɗuwa da Barira ba. Lantanar ce ta ce, "In ido ya yi ciwo idan kin juya shi, gani ya koma dishi-dishi, kada ki jira. Ni jira na yi, ga ni nan kwance."

Barira kan yi barci ana cikin darasi, saboda gajiya. Gwaggonta Tasalla kuwa, wadda ko alif ba ta sani ba, tana ɓarar gyaɗa tana saurare har ta haddace. Ana nan wayar Barira ta faɗa rijiya, sannan idonta na dama ya fara ciwo. Mutanen gida suka ce apolo ne, a kawo kwalli. Tsohuwa Tasalla ta miƙe: "Apolon gidanku! Kun taɓa ganin apolo ba ja?" Ta karanto musu darasin tsaf.

To, asibiti yana ƙetare, ga kogi ya cika ya batse, 'yan fito sun ce ba su ba. Asabe, facalar Barira, 'yar masunta, rabon su yi magana tun sallah. Ta ɗaura ɗamara, ta kwance kwalekwale, ta haye da ita, ruwa na dukan su.

Kwana biyar ana yi mata ƙarin ruwa a asibiti. Gani ya dawo, amma rabi. Da ta haihu, da wannan rabin ta ga 'yarta, wayyo, har ɗan tabon da ke kuncinta.

Ana jibi suna, miji ya dawo, suka kira Azare da wayarsa don yi wa Lantana albishir. Ƙanin Lantana ne ya ɗauka, ya ce ai jiya aka kai ta makwancinta.

Mijin ya ce, "Barira, na bar miki zaɓi. Wa za mu mayar wa suna?" Ta rungume jaririya tana kuka.

Yarinya ɗaya, suna ɗaya. To jama'a, tsakanin Lantana da Tasalla da Asabe, sunan wa ya kamata a raɗa mata?