Bututun Kuluwa da Masanan Gari

"Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

Wata mata ce, Kuluwa, mai tallar awarwaro ƙauye-ƙauye. Ran nan sai ta sauka a garin Tsamiyar Kurma da wani ɗan bututu da ta samo a birni. In ka leƙa ta hudarsa, sai ka ga zane mai launi-launi. In ka juya, sai zanen ya sauya.

Sai labari ya kai kunnen Maigari Barmo, wanda bai taɓa cewa "ban sani ba" tun da aka haife shi. Sai ya kira ta, ya tara masanan gari uku.

Sarkin Pawa ya fara leƙawa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, nama ne ja wur, an jera shi tsoka-tsoka."

Sai ya miƙa wa Marini, bututu ya juya. Marini ya ce, "Wane nama? Shuni ne, irin na rinina."

Sai ya miƙa wa Boka Dangana, bututu ya sake juyawa. Boka ya leƙa, ya yi gyaran murya. Ya ce, "Ku jahilai ne. Rawanin sarkin aljanu ne. Mun saba, tare muke cin tuwo."

Sai gardama ta kaure. Sarkin Pawa ya ce Marini makaho ne. Marini ya cakumi wuyan Boka, layu suka watse.

Maigari ya ce, "Abu ɗaya, ido uku, magana uku? Matar nan mayya ce. A ƙona kayanta, a kore ta."

Kayan nan kuwa su ne abincin 'ya'yan Kuluwa. Sai ta durƙusa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in buɗe bututun tukuna."

Sai ta ɓalle murfin, ta zazzage a kan buzun Maigari. Ga guntayen madubi uku. Ga fasassun awarwaro, ja da shuɗi. Ga kuma fiffiken kyankyaso da ya maƙale a ciki.

Ta ɗaga fiffiken, ta ce, "Malam Boka, ga rawanin abokin cin tuwonka."

Fada ta kwashe da dariya. Boka ya ce aljanu na kiransa, ya fice ko takalmi bai tsaya ɗauka ba.

Maigari ya ce, "To, mene ne sunan abin?"

Ta ce, "Kalaidoskof. Wanda ya ba ni ya ce daga harshen Girkawa aka haɗa sunan, wai leƙa ka ga kyakkyawar siffa."

Maigari ya ce, "Dama na sani. Kala... kalanda... kalwa..." Sai harshe ya sarƙe. Ya ce, "Azumi nake yi, shi ya sa." Alhali ga goro a kumatunsa.

Kuluwa ta haɗa bututunta. Matan gari suka yi layi suna leƙawa, kafin la'asar awarwaronta ya ƙare kaf. Tun daga ranar, in mutumin garin ya faɗi magana da safe ya sauya ta da rana, sai a ce, "Ƙyale shi, kalaidoskof ne."

Ƙurunƙus kan kusu. In kun ga abin da ba ku gane ba, ku ce ba ku sani ba, kada a zazzage ku a gaban jama'a.