Kulake Biyu na Sarki Barmo

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a Birnin Tsamiya, an yi wani sarki mai suna Barmo, wanda kakanninsa suka ƙulla alkawari da aljanin kogi, cewa kowace shekara sarki ko magajinsa zai tsaya a gaɓa, ya miƙa hannu ta saman kafaɗa ya zaro takobin da ke rataye a bayansa, shi kuwa aljani ya saki ruwa. Tsufa ya riƙe kafaɗar sarki, ga shi ba ɗa namiji, kogi ya fara ƙafewa.

Gimbiya Tasalla, 'yarsa tilo, ta daɗe da ba wa Jarmai Dangana zuciyarta, sarki kuma ya ce in ya zaro takobin, aure da gado nasa ne. Dangana ya duƙufa ɗaga duwatsu safe da yamma yadda mazajen birnin suka saba, har ƙwanjinsa ya cika ya sandare. Ranar gwaji hannunsa bai wuce kunne ba.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, kansa a ƙasa, "maraƙi ma ina ɗauka, amma ƙeyata ta gagare ni sosawa."

Nan Tasalla ta tuna da ƙuruciyarta, lokacin da mahaifinta kan juya wasu kulake biyu masu kan dalma da hantsi, suna zagaya kansa kamar shamuwa a sama, mahaifiyarta na zaune a tabarma tana tafa masa. Tun rasuwarta bai sake taɓa su ba. Gimbiya ta nemo su a taska, naɗe cikin zanen marigayiya, tana kwancewa sai wata murya ta fito daga itacen.

"Ya ke 'yar sarki, shekara goma sha biyu ba wanda ya juya mu. Mukan kwance kafaɗa, amma mai gida kaɗai ya san hannunmu."

Ta kai su gaban mahaifinta ta durƙusa. Sarki ya daɗe yana shafa zanen, sannan ya sa aka kira Dangana, ya miƙa masa kulaken.

Sarki ya ce, "Fara da ƙaramin. Haba Jarmai, ba kokawa kake da shi ba! Saki hannun, bar nauyin ya ja shi baya a hankali."

Kwana arba'in ana haka, Tasalla na kallo ta bayan labule, kullum kulkin na ƙara sauka a gadon bayansa.

Ranar alkawari Dangana ya tsaya a gaɓa, hannunsa ya tafi baya ba gargada, takobi ya fito yana walƙiya. Aljani ya yi gyaran murya daga ƙarƙashin yashi, ruwa ya taho.

Bayan kwana bakwai aka ɗaura aure, dangin ango na ƙetare kuwa sai a kwalekwale suka zo, da goro a ka.