Kwalin Basilia da Rumfar Melchor

Akwai wani mutum a nan birnin La Paz, Don Melchor Tarqui, gwanin zuba 'yan ƙananan gidaje da yeso, farin garin nan da ake kwaɓawa da ruwa ya daskare. Gidan da zai zauna a tafin hannunka, amma har da taga da rufi. Hannu kam Allah Ya ba shi. Sai dai girman kai, ba a magana.

Duk shekara ran ashirin da huɗu ga Janairu, ƙarfe goma sha biyun rana, ake buɗe kasuwar Alasitas, inda ake sayar da 'yan ƙananan siffofin abin da mutum ke fatan samu. Mai son gida a ba shi ɗan gida, gwauro mai neman mata a ba shi kaza, budurwa mai neman miji zakara. Kowa ya san abin da ka saya wa kanka bai kai wanda aka ba ka kyauta albarka ba.

Shekara talatin Melchor yana sayarwa a rumfar da mahaifiyarsu ta bari, ba a taɓa ba shi ko ɗaya ba. Wa zai ba mutumin da kullum yake cewa ba ya bukatar kowa?

Yana da ƙanwa, Basilia, mai sayar da kunun masara a bakin titi. Ita ta ajiye tsohon kwalin wasan da babansu ya saya musu suna yara: mazubai na jar roba, da buroshi, da 'yan gwangwanayen fenti. Da shi Melchor ya koyi zubi.

Shekara biyar da suka wuce, ta zo rumfar da faranti cike da abubuwan da ta zuba da mazuban nan.

"Yaya, ɗan gefe kawai nake so."

"Da kayan wasan yara? Ke, kwashe min shirmen nan kafin ki kore min masu saye!"

Ya sa hannu ya ture farantin. Komai ya tarwatse a gaban jama'a. Basilia ta durƙusa ta tsince gutsattsarin a zaninta, ta tafi. Tun ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

To bana ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Saura kwana huɗu a buɗe kasuwa, da hantsi, ƙasar dutsen da ke saman unguwarsu ta zaftaro. Melchor da matarsa da kayan jikinsu kawai suka fita. Gida ya tafi, ɗakin aiki ya tafi, mazubansa da aikin shekara guda duk suna ƙarƙashin laka.

Rumfar ce kaɗai ta rage masa a duniya. Ita ma rumfar, ƙungiyar 'yan kasuwar tana da doka a kanta: duk rumfar da ƙarfe goma sha biyun ranar buɗewa ta riska babu kaya, a ba wani. Ya ruga wajen shugabar ƙungiyar, Doña Zenobia.

"Ki dube ni, Doña. Bana kawai."

"Na tausaya maka, Melchor. Amma ranar da aka yi dokar nan, wa ya fara ɗaga hannu? Kai ne."

Ya bi abokan sana'a gida-gida yana roƙon aron mazubi. Wa zai ba da mazubinsa a makon kasuwa? Wani ma dariya ya yi masa.

"A'a, maigida! Ashe gwani ma yana aro? Ba kai ka ce gidajena kamar akurki suke ba?"

Yini guda ya yi yana yawo cikin ruwa, bai samu komai ba. Tsoro ya kama shi sosai, domin in rumfar nan ta tafi, bai san abin da zai ciyar da matarsa da shi ba.

Washegari da sassafe ya tsaya a ƙofar Basilia, laka har gwiwa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Shigo mana, Yaya. Ko ƙofar tawa ma ta yara ce?"

Ta ba shi kunu mai zafi, ta aika a zo da matarsa. Sannan ta hau kujera ta sauko da kwalin.

Robar ta tsufa, yawanci sun tsattsage. Uku ne kawai ke da rai: kaza, zakara, da ɗan gida. Melchor ya kwaɓa yeso ya zuba. Yana daskarewa ya fizge mazubin zakaran da ƙarfi, yadda ya saba da nasa manya. Sai ji kake kyat! Ya yage gida biyu.

Ya dafe kai. "Shi ke nan, na kashe kaina."

"Gwani ke nan!" in ji Basilia. "Ka manta abin da Baba ya koya mana? Ka shafa sabulu a bayansa, ka juye shi a hankali kamar kana cire safa. Ba ni nan."

Ta yi a gabansa, kaza ta fito lafiya lau. Melchor ya karɓa ya yi yadda ta yi.

Sai ga wata matsalar. Ga ruwa ga sanyi, yeso ya ƙi bushewa, kuma ɗanye ba ya riƙe fenti. Basilia ta sauke tukunyar kununta, ta jera kajin da gidajen kewaye da murhu.

"Kasuwarki fa? Makon nan kika fi ciniki."

"Yi aikinka, Yaya. Rumfar Mama ce."

Kwana uku ba ta sayar da ko kofi ɗaya ba. Shi yana zubi, ita da matarsa suna fenti, da mazubi biyu kacal.

Ran ashirin da huɗu, saura kaɗan sha biyu ta buga, suka gama jerawa. Kaji masu jan zanko, da gidaje 'yan karkatattu, ko rabin teburin ba su cika ba. Doña Zenobia ta iso, ta tsaya tana kallo.

"Zakara fa?"

"Bana 'yan mata sai haƙuri," in ji Basilia. "Gwani ya yaga musu mazaje."

Zenobia ta kwashe da dariya, ta ce, "Kaya dai kaya ne." Ta wuce.

Ƙararrawa ta kaɗa, hayaƙin turare ya tashi, kasuwa ta ɗau hayaniya. Melchor ya zauna a benci.

Basilia ta kwance wani ƙulli a bakin zaninta, ta sa masa abu a tafin hannu. Ɗan gida ne daga tsohon mazubin, fentinsa ya koɗe, duk jikinsa alamar liƙi da gam.

"Wannan ba a cikin na jiya yake ba," in ji shi.

"A farantin nan yake. Ranar ma kai na kawo wa, ba ka bari na faɗa ba. Karɓi, Allah Ya ba ka babba."

Melchor ya rufe hannunsa a kan gidan, ya fashe da kuka a gaban jama'a, bai ko ɓoye fuska ba. Ya matsa can ƙarshen bencin.

"Zauna, Basilia. Ba gefe ba, tsakiya."

Darasi: Kada ƙwarewa ta sa ka raina abin da ka fara da shi, ko ka wulaƙanta ɗan'uwanka don yau ka fi shi. Ranar da komai ya kuɓuce, wanda ka ture ɗin nan zai iya zama shi kaɗai zai buɗe maka ƙofa. In akwai wanda ka ɓata wa, neme shi tun kana da hali. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya karanta ya kira ƙanwarsa yau.