Kunkurun da Ya Fashe a Wutar Gayya

Akwai wata maginiya a ƙauyenmu da ke tsibirin Lombok, sunanta Sumarni. Mu dai tukwane muka gada, amma tun da otel-otel suka cika bakin teku, kowa ya koma gina kifi da ƙaguwa da kunkurun ruwa na ado. Sumarni gwana ce a nan, kuma ta san gwana ce.

Gashi na gayya muke yi. Kowace mace ta jera nata waje ɗaya, a lulluɓe da karan shinkafa da ɓawon kwakwa, a cinna wuta. Doka ɗaya ce: ba a kawo ɗanye, don yumɓun da bai bushe ba fashewa yake, ya farfasa na kusa da shi.

Wani mako, wani mai otel ya matsa wa Sumarni a kan wani ƙaton kunkuru. Bayansa ya bushe, cikinsa da sauran danshi, kuma ta sani sarai. Ta tura shi can ƙasa, kusa da kifayen Papuk Senah, wato Kaka Senah, tsohuwar da ta koya wa rabin matan unguwar gini, har da ita Sumarnin.

Wuta na kamawa aka ji tau! Da toka ta huce, rabin kayan ya zama tsingaro.

Inak Jumaiyah, mai kula da wutar, ta riƙe ƙugu. "Wace mara tsoron Allah ce ta kawo mana ɗanye?"

Ɓarnar ta fi yawa a gefen tsohuwa, ga idonta ya fara rauni. Nan take aka yi mata caa.

"Haba Papuk! Mun ce ki huta kin ƙi. Kullum sai kin cusa kanki!"

Aka yanke cewa kayanta ba za su sake shiga wutar gayya ba. Tsohuwa kuwa ba ta da ƙarfin tara makamashin gashi ita kaɗai. Sumarni na tsaye ba ta ce uffan ba, har da share hawaye wai tana jimamin kunkurunta.

Bayan 'yan kwanaki sai ga Papuk Senah a ƙofarta, da shinkafa mai danƙo a ganyen ayaba.

"'Yata, haƙuri na zo ba ki. Na ga wahalar da kika sha a kan kunkurun nan, na zo na fasa miki."

"Papuk, ai ya wuce..."

"Bai wuce ba. Na rantse na taɓa kifayen nan na ji sun bushe. Ashe hannun ma ya fara yi min ƙarya." Ta miƙa mata dutsen da take goge kaya da shi tun tana amarya. "Riƙe. Ni na daina."

Sumarni ta ajiye shinkafar nan gefe. Da tsohuwa ta zage ta, da sauƙi. Amma baiwar Allah ta yarda da laifin da ba nata ba, abin da ya hana Sumarni sukuni ke nan.

Ranar gashi na gaba, kafin a cinna wuta, Sumarni ta miƙe.

"Ni ce. Kunkuruna ne ɗanye, kuma na sani na saka."

"Ke?" in ji Inak Jumaiyah. "Kina tsaye muka ci mutuncin uwarmu? Tir!"

Aka hana ta gashi har ƙarshen rani, aka ɗora mata ɗebo kara. Matan suka ɗunguma suka roƙi Papuk gafara, ta dawo.

Sai dai ba yadda take a da ta dawo ba. Matar da ta tsufa tana koya wa mutane gane busasshen yumɓu, yanzu ba ta iya sa ƙaguwa ɗaya a wuta sai wani ya duba mata. Kuma Sumarni take nema, don a ganinta ita ce gwanar. Sai ta miƙo mata ƙaguwar da hannu biyu, murya ƙasa-ƙasa:

"'Yata, taɓa min. Ya bushe kuwa?"

Darasi: In ka yi shiru aka ɗora laifinka a kan wani, ko ka faɗi gaskiya daga baya, ba duk abin da ya karye a zuciyarsa ne zai gyaru ba. Faɗe ta tun a wurin. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na riƙe da maganar da ya kamata ya faɗa yau.