Lasifikokin Baba Vandi

Akwai wani matashi ɗan Vimtim mai suna Seth, wanda ya samu aiki a wani kamfanin sadarwa a Yola. Da aljihunsa ya ɗan yi nauyi, sai ya hau mota ya dawo gida da niyyar faranta wa mahaifinsa rai.

Mahaifin nasa, Baba Vandi, tsohon kafinta ne. A falonsa akwai lasifikoki biyu cikin akwatunan katako da ya ƙera da hannunsa tun kafin a haifi Seth. Shekara biyu ke nan sun yi shiru, tun ranar da tsohuwar amfilifayar da ke ba su ƙarfi ta lalace. Duk da haka, kowace Asabar sai ya sa tsumma ya goge su.

"Baba, gobe za su yi magana," in ji Seth. "Har mutanen garin Gella can nesa sai sun ji."

Tsohon ya yi murmushi. "Ni dai cikin ɗakin nan ya ishe ni, ɗana."

Washegari Seth ya ɗaure lasifika ɗaya a bayan babur ya shiga kasuwar Mubi. Aka nuna masa rumfar Malam Yaji, wani dattijo mai gyaran rediyo da ya haura shekara talatin a layin.

Malam Yaji ya sa tabarau, ya kwance bayan akwatin, ya daɗe yana dubawa.

"Wanda ya yi akwatin nan ya san aikinsa," ya ce. "Amma lasifikar ta kwana biyu, ba za ta ɗauki ƙarfi da yawa ba. Ga wata ƙaramar amfilifaya, mai ƙarfin wat talatin kacal, ba ta da tsada. Ita ce daidai da su."

Seth ya kalle ta. Ba ta wuce girman burodi ba, kuma ta hannu ce, har fentin gefenta ya goge. Sai ya kwashe da dariya.

"Malam, wannan ai ta mai shayi ce. Na yi maka kama da wanda ba shi da kuɗi?"

"Ba aljihunka nake dubawa ba, ɗana. Lasifikar nake dubawa. In ka ba ta abin da ya fi ƙarfinta, ƙonewa za ta yi."

"Ku tsofaffi, duk abin da ba na zamaninku ba tsoronsa kuke ji."

Ya ɗauki akwatinsa ya fita ko sallama babu. A wani shago mai gilashi ya sayi wata ƙatuwar amfilifaya baƙa mai fitilu shuɗaye, irin ta wurin biki. Mai shagon bai ma tambaye shi wace irin lasifika zai haɗa mata ba.

Da la'asar maƙwabta suka taru a ƙofar gida don ganin abin da ɗan Yola ya kawo. Seth ya haɗa wayoyi, ya sa kiɗa daga wayarsa, ya murɗa maɓallin sauti. Tagogi suka kama rawa, kaji suka watse. Mutane na ta tafi, shi kuma yana ƙara murɗawa.

Baba Vandi ya ɗaga hannu alamar a rage. Seth ya gani, amma ya yi kamar bai gani ba.

Sai aka ji wata ƙara kamar an yage tsumma. Warin ƙuna ya cika falon, lasifikar hagu ta yi tsit.

Ɗaya bayan ɗaya maƙwabta suka sulale. Baba Vandi bai yi faɗa ba. Ya ɗora tafinsa a kan akwatin, ya ɗan jima a haka, sannan ya fita tsakar gida ya kama tattara gyaɗar da aka shanya.

Yayar Seth, Rachael, ta ja shi gefe.

"Ka ga abin da ke aljihun rigarsa?" ta ce. "Kaset ɗin Mama ne. Na ranar taron Zumuntar Mata a coci, da ita ta ja waƙa. Tun safe ya fito da shi, yana jira ka gama naka ya sa nasa."

Seth ya zauna a bakin ƙofa. Shekara biyar ke nan da rasuwar mahaifiyarsu Miriyamu. Ya yi ƙoƙarin tuna muryarta, ya ga ta fara ɓace masa.

Da gari ya waye ya koma kasuwa da ƙonanniyar lasifikar. Ya tsaya a gaban rumfar Malam Yaji.

"Sannu da zuwa. Zauna," in ji dattijon, ya tura masa benci. Ya kwance akwatin ya shinshina. "Wayar cikin ta ƙone."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Seth ya yi ta jira a tuna masa maganar da aka gaya masa, amma dattijon ya ci gaba da duba lasifikar.

"Baba, ka yafe mini. Jiya na yi maka rashin kunya."

"Tun kafin ka kai bakin layi na yafe."

Seth ya ba shi labarin kaset ɗin. Malam Yaji ya cire tabarau ya goge, sannan ya ture sauran ayyukan da ke kan teburinsa gefe.

"Irin wannan ba a samun sabuwa. Sai dai in naɗa mata waya da hannu. Ka ba ni kwana uku."

Kwana ukun nan Seth bai fasa zuwa ba. Yana zaune yana kallon yatsun tsohon suna naɗa wayar tagulla siririya kamar gashi. Sau biyu tana tsinkewa, sau biyu yana sakewa daga farko, kuma ba ya tashi sai in an kira salla. Shi ne ma ya haɗa Seth da wani mai hayar kayan sauti, aka rabu da ƙatuwar amfilifayar, duk da an yi asara.

Ranar da aikin ya kammala, Malam Yaji ya jawo ƙaramar amfilifayar nan daga ƙarƙashin tebur.

"Wani ya taya ta shekaranjiya, na ce masa da mai ita."

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Seth ya haɗa komai a hankali, ba tare da ya kira kowa ba. Baba Vandi ya ciro kaset ɗin daga aljihu, ya hura shi, ya sa a tsohuwar rediyonsa mai kaset da aka haɗa da amfilifayar.

Da farko 'yar ƙara ce kawai. Sai aka ji ana buga tulu, irin na kiɗan matan coci. Sannan muryar mace ta fito, a natse, tamkar tana zaune a kujerar da ke kusa da taga. Rachael ta rufe baki da gefen zaninta.

Seth ya miƙa hannu zai ɗan ƙara sauti. Mahaifinsa ya riƙe masa hannu.

"Bar shi haka. Mamanka ba ta taɓa ɗaga murya a gidan nan ba."

Bai saki hannun ba har waƙar ta ƙare, kaset ɗin ya tsaya da kansa. Sannan ya share ido ya ce, "Juya ɗaya gefen, ɗana."

Darasi: Kafin ka saya wa wani abu, ka fara sauraron abin da yake bukata, ba abin da zai sa a yabe ka ba. Girman kaya da tsadarsa ba su ne dacewarsa ba. Kada ka raina shawarar wanda ya san aikinsa don ka ga rumfarsa ƙarama ce, kuma in ka yi kuskure, ka koma ka ba da haƙuri. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, musamman waɗanda iyayensu ke raye.