Bututun da Ba Ya Ɗaukar Komai

Akwai wani mutum da ya shekara goma sha ɗaya yana gina gidansa, yau bulo hamsin, gobe buhun siminti ɗaya. A gidan da ya tashi, masai rami ne can bayan danga, in ana ruwa sai mutum ya tafi da buhu a ka. Saboda haka da gininsa ya kai rufi, sai ya ƙudura cewa shi kam bayan gida na ruwa zai yi a cikin ɗaki, irin wanda ake jan hannu ruwa ya tafi da komai.

Ya kirawo wani mai aikin famfo, sunansa Habila, mutum marar gaggawa a hannu da baki. Habila ya gina ramin ƙazanta a bayan gidan, ya shimfiɗa babban bututu daga masai zuwa ramin. Kwana biyu cur yana awo da igiya, ya ɗaga nan, ya sauke can, har maigidan ya ƙosa.

Ya ce, "Malam Habila, wai bututu kake kwantarwa ko jariri?"

Habila ya ce, "Maigida, in ya kwanta ba gangare, ƙazanta za ta zauna a ciki. In gangaren ya yi yawa, ruwa ya gudu ya bar kayan a baya. Kaɗan ake so, su tafi tare." Ya kuma nuna masa wata lanƙwasa a ƙarƙashin masan, ya ce, "Ka ga ruwan nan da yake kwance a ciki? Shi ne mai gadi. Muddin yana nan, warin rami ba ya shigowa ɗaki."

A rana ta uku Habila ya haɗa wani siririn bututu a jikin babban, ya bi da shi ta bango har ya wuce rufin da kamu biyu, ya sa masa hular raga saboda ƙudaje. To, bangon nan kuwa shi ne yake kallon titi. Kafin yamma wani maƙwabci ya tsaya, ya ɗaga kai, ya ce, "Barka da arziki, maigida! Yanzu ko baƙo ya sauka a tasha, ya san inda kake zagayawa."

Maganar nan ta shiga mutumin har ƙashi. Ku kun san mu da kunya. Abin da ko sunansa ba ma kira sai a sakaye, ga shi an kafa masa tuta a kan sabon kwano.

Ya samu Habila ya ce, "Wancan na sama, ruwa yake ɗauka?"

"A'a."

"Ƙazanta?"

"A'a. Iska."

"Iska! Iska ce ta yi mana ƙaranci a garin nan?"

Habila ya ce, "Rami yana numfashi, maigida, ta nan warinsa zai fita sama. Kuma in ruwa ya gangara da ƙarfi yakan ja iska a bayansa. In bai samu daga sama ba, sai ya zuƙe ruwan mai gadin nan."

Maigidan ya yi ta gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya gama shawararsa. Habila yana ba da baya, sai maigidan ya ɗauko tsani da zarto, ya sare bututun, ya cusa tsumma a bakin, ya liƙe da siminti, ya bi da fenti. Matarsa tana riƙe da tsanin ta ce, "Baban Talatu, da an bar shi yadda mai aikin ya yi." Ya ce, "Ke yaushe kika koyi gini?" Sai ta ja bakinta.

Mako biyu ba a ji komai ba, maigidan yana ta yaba wa kansa. Daga nan masan ya fara magana. Da an ja ruwa sai ya yi gulun-gulun, kamar tsoho yana kurkure baki. Sai wani wari ya fara yawo a gidan, ba a san mafarinsa ba. Maigidan ya ce mushen ɓera ne, aka fitar da kujeru, ba ɓera. Ya ce matarsa ba ta wanki da kyau, ta wanke har hannunta ya saɓule. Ya ce yara ne, aka yi musu faɗa. A ƙarshe ya ce kare ne, aka kori karen da ya shekara shida yana yi masa gadi. Ya sayo turaren wuta aka yi ta banka wa gida, wari da turare suka haɗu suka haifi wani abu na uku wanda ya fi iyayensa muni.

Ana cikin haka ranar addu'ar keɓe gida ta zo. Fasto ya zo, dattawan ikilisiya suka zo, zumuntar mata suka zo da ankonsu. Surukin maigidan ma, Baba Dogara, ya taso tun daga ƙauye da zakara da kwandon gyaɗa. Tsoho ne mai mutunci, wanda bai taɓa cin abinci a kasuwa ba don kada a ga bakinsa yana motsi. Ga zafin bazara, ga kunun zaƙi ana ta sha, baƙi kuwa kowa yana so ya ga masan zamani, ana ta shiga ana jan ruwa.

Can Baba Dogara ya yi wa 'yarsa raɗa, ta kai shi, ta nuna masa inda ake ja. Ya fito ke nan ya zauna, sai fasto ya ce, "Bari mu sunkuyar da kanmu."

Falo ya yi tsit. A cikin shirun nan masan ya ɗauki murya, gulun-gulun-gulun, ya ja ta da tsawo, ya ƙare da wani dogon tsaki. Ruwan mai gadi ya tafi. Abin da rami ya tara na wata biyu ya shigo falo gaba ɗaya.

Faston nan an san shi, in ya fara addu'a tuwo yakan huce. Ran nan daga "Ya Ubanmu" zuwa "Amin" ko numfashi biyu bai yi ba. Mata suka ja bakin ɗankwali suka rufe hanci. Idanu suka buɗe, ɗaya bayan ɗaya, duk suka sauka a kan wanda ya fito a ƙarshe.

Tsohon ya miƙe a hankali, ya ce, "Ni ne na shiga. Ban san kan abin ba, ga shi na ɓata muku taro. Ku gafarce ni."

A nan, 'yan'uwa, dariyata takan tsaya. Maigidan ya san hannun da ya riƙe zarto. Yana da baki, kowa yana saurarensa. Ya buɗe bakin ya ce, "Ba komai, Baba, ai tsufa ne." Ya gafarta wa tsoho laifin da shi kansa ya yi, har wasu suna yaba masa haƙuri. Baba Dogara ya ɗauki sandarsa ya nufi tasha, ko loma ɗaya bai ci ba daga zakaran da ya kawo.

Da baƙi suka watse, matar ta tsaya a gabansa da hawaye. Ta ce, "Ka sare bututu, na yi shiru. Ka ce ni ƙazama ce, na yi shiru. Ka kori kare, na yi shiru. Ubana ba kare ba ne. Ko kai ka faɗa masa, ko ni in faɗa."

Washegari aka kira Habila. Ya leƙa masan, ya fita waje, ya ɗaga kai, ya ce, "Ina bututuna?" Ya sa maigidan ya riƙe masa tsani, ya fasa simintin, ya zaro tsumman, iskar da ta fito ta sa maigidan ya kusa sakin tsanin. Habila ya ce, "Toshewa ba ta kashe wari, maigida. Hanya kawai ta sauya masa." Da zai kafa sabo, maigidan ya ce, "Ƙara masa kamu ɗaya."

Bayan kwana huɗu maigidan ya tafi ƙauye. Ya tarar da surukinsa a gindin ɗorawa tare da abokansa, ya durƙusa a gabansu duka, ya faɗi komai, har zarto, har kare. Tsohon ya dube shi. Sa'an nan ya ce, "Yaro, kwana biyar ke nan na daina cin wake. Har saiwa na jiƙa na sha, ina cewa cikina ne ya lalace!" Abokansa suka kwashe da dariya, shi ma ya yi ta yi har da hawaye. Ya ce, "Tashi, na yafe. Amma ka gaya wa 'yata ta ɗora mini wake, ina nan tafe."

To, ga ma'anar wannan misali. Gidan nan ranka ne. Ramin kuwa shi ne abin da yake taruwa a cikin mutum, fushi, da ɓacin rai, da laifin da ya yi ya ɓoye. Ba mai rai da ba shi da wannan rami, har ni da nake tsaye a gabanku. Ruwan mai gadi shi ne ɗan haƙurin da kake da shi. Bututun sama kuwa addu'a ce da furta zunubi a gaban Allah. A ido kamar ba ta ɗaukar komai, kuma muna jin kunya a gane cewa mu ma muna da rami, shi ya sa ita muke fara sarewa. Amma abin da bai hau sama ba, ba ya ɓacewa. Yakan zuƙe haƙurinka ya shigo falo, kuma waɗanda suka fi kusa da kai su ne suke fara shaƙa, matarka, da 'ya'yanka, da tsohon da ba zai iya kare kansa ba. Sabuwar riga da waƙa mai daɗi ran Lahadi turaren wuta ne kawai.

Kowa ya tambayi kansa yau, wane ne a gidana ya daina cin wake saboda ni? Ka buɗe abin da ka toshe tsakaninka da Ubangiji, sa'an nan ka tafi wurin mutumin nan da ƙafarka, kada ka aika.

Bututun yana nan har yanzu, ya fi kowane abu tsawo a layin. Maƙwabcin bai daina tsokana ba. Baba Dogara kuwa duk wata yana zuwa, yana cin wakensa a tsakiyar falo, karen da aka dawo da shi yana kwance a gefen ƙafarsa.